AM, RF, RFID ko kulle kaya a kanta: wace na'ura ce ke tsayar da gungun ɓarayin kanti?

Turakun nan biyu da ake kafawa a bakin ƙofar kanti, masu kuka idan aka wuce da kayan da ba a biya ba, an ƙirƙiro su ne domin mai ɗan hali shi kaɗai: wanda ya ga ba mai kallo ya sunkuce turare ya cusa a aljihu, kuma babban abin da yake gudu shi ne kunya. Waɗanda suka mayar da sata sana'a ba su da wannan tsoron. Su uku ko huɗu suke shigowa, ɗaya ya ɗauke hankalin ma'aikaci, ɗaya ya tsaya gadi, sauran su share kanta guda cikin jaka, mota tana jira a waje. Tun daga gida sun san abin da suka zo ɗauka, domin ɓarawon zaune ya riga ya faɗa musu abin da yake so: reza, batir, turare, man shafawa mai tsada, madarar jarirai, injin huda da sauran kayan aiki masu caji, rigunan manyan kamfanoni. Ƙararrawa ta yi ta kuka, su dai sun fice. Manyan kantuna da yawa ma sun hana ma'aikatansu bin ɓarawo ko riƙe shi, kuma suna da gaskiya, ran ma'aikaci ya fi kayan.

Irin wannan ɓarawo abu uku yake lissafawa: daƙiƙa nawa zai yi a gaban kanta, guda nawa zai kwasa a tashi ɗaya, da nawa kayan za su yi a hannun mai saye bayan sun fita. Mai kanti da ke neman abin saye da injiniyan da ke ƙera sabuwar na'ura, dukansu da wannan ma'aunin ya kamata su auna. Na'urar da ba ta taɓa ko ɗaya cikin ukun ba, ihu bayan hari take yi.

Duk da haka ba a barin ƙofa haka nan, kuma zaɓin farko da dillalin na'ura zai ajiye maka shi ne AM ko RF, wato tsari biyu na turakun ƙofa da sitikar da ake liƙa wa kaya domin turakun su ji ta.

Tsarin AM yana aiki a zangon kHz 58 (ma'aunin saurin kaɗawar sigina), kamfanin Sensormatic ne ya yi suna da shi. Sitikarsa ɗan akwati ne siriri na roba, tsawonsa kamar santimita 4 da rabi, faɗinsa kamar santimita 1. A ciki akwai fallen ƙarfe ɗaya ko biyu kwance sakaka, da wani falle a ƙasa mai riƙe maganaɗisu. Turke yana aika bugu na ɗan ƙanƙanin lokaci, ya yi shiru, ya saurara. Fallen da ke sake yakan ci gaba da kaɗawa bayan bugun ya tsaya, wannan ragowar kaɗawar ce turke yake ji. Abubuwa kaɗan ne a jikin mutum ko cikin jakarsa suke yin haka a daidai wannan zango, shi ya sa AM ba ta cika kukan ƙarya ba. A wurin biya, na'urar kashewa tana zare maganaɗisun fallen ƙasa, sai sitikar ta kauce daga zangon. Tana jure kusantar ƙarfe da ruwa fiye da RF, kuma ana iya buɗe tsakanin turaku ya kai mita 2, wani lokaci ya ɗan haura idan maɓalli mai tauri, irin wanda ake sokawa a tufafi, ake amfani da shi. Rauninta yana cikin yadda aka gina ta: fallen yana buƙatar sarari ya motsa. Ma'aikaci ya lanƙwasa ta a jikin kwalba mai zagaye, ko a ɗaure katan da ƙarfi har ta danne, to ta mutu tun kafin ta hau kanta, kuma ba mai sani, domin a ido lafiya take. Matsala ta biyu ita ce saiti da maƙwabta. Turakun AM suna ɗaukar lokacin bugunsu daga bugun wutar lantarki. Idan na kantin da ke kusa suna bugawa a lokacin da naka suke saurare, ko dai naka su kurmance ko su yi ta kuka ba dalili. Haka kan faru idan kanti ɗaya ya koma kan janareto, ɗayan yana kan wutar layi. A tambayi mai kafawa yadda zai magance wannan kafin a sa hannu a takarda.

Tsarin RF yana aiki a MHz 8.2, wanda aka fi sani da shi kuwa kamfanin Checkpoint ne. Sitikarsa shimfiɗaɗɗiya ce kamar takarda, galibi santimita 4 tsawo da faɗi, da zagayen alminiyom da ɗan kafasita, wato ƙaramin ma'ajin caji, a tsakiya. Ana iya buga lambar kaya a bayanta, mai saye ba zai ma gane ta ba. Ta fi ta AM arha nesa, ga sauƙin liƙawa da inji a masana'anta. A wurin biya ana huda kafasitan ne da ƙarfin sigina a wani wuri da aka raunana da gangan. Wani lokaci hujin yakan gyaru da kansa bayan an lanƙwasa kayan ko an wanke, sitikar ta farfaɗo, mutumin kirki ya shiga wani kanti da jakar da ya saya da kuɗinsa ƙararrawa ta tashi. Babban rauninta ƙarfe ne. Liƙa ta a jikin gwangwani, ko kwalin da ke da takardar alminiyom a ciki, kamar na wasu magunguna da kayan kwalliya, daidai yake da rashin liƙawa. Ruwa ma yana karkatar da zangonta. Da ƙaramar sitika, tsakanin turaku ba ya son wuce mita 1 da rabi, kuma tsakiyar hanyar ita ce inda ta fi makancewa. Naɗaɗɗen kebur a kanta kusa da ƙofa, firam ɗin ƙofa na ƙarfe da ya zagaye ya haɗe, da wasu fitilun LED marasa inganci duk suna rikita ta.

A taƙaice dai, kantin kayan kwalliya, magunguna ko kayan aiki na ƙarfe, da duk mai faffaɗar ƙofa, AM ta fi masa. Kantin tufafi, takalma da kayan cikin kwali masu yawa, wanda zai liƙa dubban sitika a wata, RF za ta fi masa sauƙi. Amma kafin ka yanke, duba irin sitikar da masu kawo maka haja suke sakawa tun daga masana'anta. Turken AM ba ya jin sitikar RF, na RF ba ya jin ta AM. Idan rabin hajarka tana zuwa da ɗaya a cikin kwali, an riga an yi maka rabin zaɓin. Akwai tsari na uku, EM, mai siririn zare da ake kashewa a sake kunnawa. Ya dace da ɗakin karatu, hanyarsa ƙunci gare ta, ba na babban kanti ba ne.

Ga inda gardamar AM da RF take rasa armashi: gungun ƙwararru suna shigowa da jakar da aka shimfiɗa wa ƙarfe a ciki, kuma ba ɗaya cikin biyun da ke jin abin da ke cikinta. Abin da ya fi amfani a nan shi ne ƙarin na'urar gano ƙarfe a jikin turakun, wadda za ta ji jakar tun lokacin shigowa. Kada a sa ta yi kuka. A sa ta aika sigina shiru zuwa wayar manaja ko mai gadi, wani ya matso ya ce "barka da zuwa, me za a duba maka?" ya kuma tsaya nan kusa. Sanarwa lokacin shigowa ta fi goma lokacin fita. Sai dai saitinta akwai wahala: keken zuba kaya, keken jarirai, da ƙofar ƙarfe mai buɗe kanta duk suna tayar da ita, kuma idan ta cika ƙarya ma'aikata za su daina dubawa cikin mako guda. Akwai kuma mai gano maganaɗisu mai ƙarfi, wadda ta fi dacewa da ƙofar ɗakin gwada kaya, da mai gano na'urar toshe sigina. Wanda ke fama da gungu ya fi kyau ya sayi turaku matsakaita masu waɗannan ƙarin, a kan mafi tsada marasa su.

Maɓalli mai tauri, wanda ake sokawa a tufafi, ƙarfinsa yana cikin makullinsa ne, ba cikin siginarsa ba. Galibinsu ƙwallayen ƙarfe uku ne a cikin ɗan mazurari, sifirin yana tura su suna damƙe ƙusar. Ƙara jan ƙusa, ƙara damƙa. Maganaɗisun wurin biya ne yake janye su. Makullin yana da daraja hawa-hawa, kuma mabuɗin mafi ƙanƙantar daraja ya daɗe da yawo a kasuwannin intanet, saboda haka sayen irin wannan maɓalli asarar kuɗi ne. A ɗauki mai makulli mafi ƙarfi, ko wanda sai da mabuɗi na musamman mai lamba. Siffa ma tana da tasiri: mai kamar kwanson da ya rufe kan ƙusar gaba ɗaya bai bar gurbin da za a zura wani abu a ɓanɓare ba. A soka ƙusar a kan ɗinki, inda yanke ta zai lalata rigar, ba a jikin lakabin wuya da almakashi zai cire cikin daƙiƙa ɗaya ba. Mabuɗin kanti kuwa a ɗaure shi da kusoshi a jikin tebur, a rufe shi idan ba kowa a wurin, a ƙirga shi kowane dare. Kanti nawa ne aka buɗe musu kaya da mabuɗinsu na kansu.

Maɓalli mai tawada ya fi na sigina kusa da lissafin gungu, domin darajar kayan yake taɓawa. Ƙananan kwalabe biyu ko uku ne a ciki, a ɓalle shi da ƙarfi su fashe, rigar ta tashi daga aiki. Wanda ya saci riga ɗaya don ya saka zai iya zama ya yi ta dabara da shi. Wanda ya kwashi arba'in don sayarwa ba shi da wannan lokacin. Dole tawadar ta fito fili a gani, da gargaɗi rubuce a jiki, in ba haka ba an yi asarar rigar ba a hana satar ba. Kuma mai karɓar kuɗi ya manta bai cire ba, mai saye ya je gida ya gwada cirewa da kansa, kanti ne zai biya.

Kayan cikin kwali masu tsada ana ɗaure su da na'ura mai wayoyi huɗu da ke zagaye kwalin, wadda ake kira gizo-gizo. Mai ƙararrawa biyu tana tayar da turken ƙofa, tana kuma kuka da kanta idan an yanke waya. Mai uku tana ƙarawa da kuka a jikin kayan da zarar an ƙetare ƙofa, ta ci gaba da kuka har cikin mota. Da gungu ake fama, mai uku za a saya. Kurakuran da ke kashe ta sanannu ne: a ɗaure kwali mai laushi, a matse shi wayar ta sulɓe, a bar gefen da za a tsaga a zare abin ciki a bar kwali da na'urarsa a kanta, ko batirin da ke rufe a ciki ya ƙare bayan 'yan shekaru ba wanda ya gwada. A rubuta shekarar saye a jikin kowace ɗaya. Ƙananan kaya irin su reza da katin ajiyar bayanai, akwatin roba mai tauri da ake gani ta ciki ya fi, domin yana ƙara musu girma: aljihun da zai ci ashirin sai ya ci biyu.

Wannan ya kawo mu kan kanta, inda a ganina nan ne kuɗin tsaro ya fi yin aiki. Ƙugiya ta yau da kullum, hannu ɗaya zai zare duk abin da ke rataye a kanta. Ƙugiya mai hana shara tana sakin guda ɗaya ne idan an murɗa maɓalli, wata har da jinkirin 'yan daƙiƙu kafin ta saki na gaba, da ƙarar ƙas-ƙas da ma'aikaci zai ji daga nesa. Mai saye na gaskiya guda ɗaya yake so, bai ma lura an jinkirta shi ba. Mai son talatin kuwa aikin daƙiƙa biyar ya koma na minti biyu ko uku a tsaye, ga ƙara. Kanta mai awon nauyi, ko mai ƙirga motsin abin tura kaya gaba, tana yin irin wannan aikin ta wata hanya: a zare fiye da adadin da aka saita cikin ɗan lokaci, sai lasifika ta kira ma'aikaci zuwa wannan layi. Adadin a ɗauko shi daga rasit na gaske. Idan mutane sun saba sayen uku tare, saita shi a kan uku zai sa ta yi ta kiran banza. A kuma tanadi maɓallin dakatarwa na lokacin jera kaya, wanda ke komawa aiki da kansa, domin ma'aikaci zai manta. Mafi arhar dabara a nan ba na'ura ba ce: a rage abin da ke waje, shida a kanta, sauran a sito.

Kulle kaya a akwatin gilashi shi ne abin da kowa ke fara tunani, kuma yana tsayar da shara, ba musu. Amma yana tsayar da ciniki ma. A watan Janairun 2025 shugaban kamfanin kantunan magani na Walgreens a Amurka na lokacin, Tim Wentworth, ya amsa a bainar jama'a cewa idan aka kulle kaya ba a sayar da su kamar da. Mai saye ya danna maɓallin kira, ya jira minti uku ba kowa, ya tafi ya saya a intanet; an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan babu makawa, a kulle kaɗan ɗin da suka fi ɓata kawai, a sa makulli na lantarki mai rubuta wanda ya buɗe da lokacin, a ba ma'aikata da yawa ikon buɗewa maimakon mabuɗi ɗaya a wuyan mutum ɗaya, a kuma auna tsawon jira kamar yadda ake auna asara.

RFID wani abu ne daban, sitika ce mai ɗauke da lamba da ake karantawa daga nesa ta siginar rediyo, kuma masu talla sukan sayar da ita a matsayin magajiyar AM da RF, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne. Irin da kantuna ke amfani da ita tana aiki tsakanin MHz 860 da 960. A Turai 865 zuwa 868, a Amurka 902 zuwa 928, saboda haka na'urar karantawa sai ta dace da dokar ƙasar da za a kafa ta. Kowace sitika tana da lambarta ita kaɗai. Turken AM cewa yake wani abu ya fita. RFID cewa take wanduna 14 ne, ga launi, ga girma, ta ƙofa ta biyu, ƙarfe kaza da minti kaza. A haɗa wannan da hoton kyamara na daidai lokacin, an sami shaidar da za a kai wa 'yan sanda, an kuma iya haɗa sata goma a rassa daban-daban ta zama ƙara ɗaya. Idan aka kama kaya a ɗakin ɓarawon zaune, ana iya nuna cewa daga wannan kanti suke kuma ba a taɓa biyansu ba. Tana kuma toshe dabarar dawo da kayan sata a karɓi kuɗi. Matsalolinta: tana karanta kayan da ke jere kusa da ƙofa ta ɗauka fita suke, sai an bar fili ko an sa mai gane alkiblar tafiya. Dole kwamfutar wurin biya ta sanar da ƙofa cewa an biya kafin mai saye ya iso, jinkirin daƙiƙa kaɗan ya isa a kunyata mutumin kirki. Ruwa, ƙarfe da jikin mutum suna rage mata ji, jakar ƙarfe tana rufe ta ita ma, kuma idan a takardar farashi take, fizga ɗaya ce. Ɗinke ta cikin rigar ko saka ta cikin maɓalli mai tauri ya fi. Don tsaro kaɗai da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Wanda zai yi ƙidayar haja da ita kowane mako shi ne zai ci riba.

Ga masu ƙera sabon abu, hanyar da ta fi alƙawari ita ce kayan da ba sa aiki sai an kunna su a wurin biya, kamar yadda katin kyauta ba shi da daraja sai an loda shi. Babban kantin kayan gini na Amurka, Home Depot, ya gwada haka da Bluetooth a kayan aiki masu caji, takwaransa Lowe's kuma ya nuna nasa tsarin mai suna Project Unlock, inda ake saka RFID a cikin injin tun a masana'anta. Injin huda da ba ya tashi ba shi da mai saye. Iyakarsa a fili take: sai abu mai lantarki, sai masana'anta ta yarda, batir da caja da ke cikin kwalin suna da darajarsu su kaɗai, kuma dole a rubuta a jikin kwalin da manyan baƙaƙe, domin ɓarawon da bai sani ba zai ɗauka ne ya yar daga baya. Tambayar da mai ƙerawa zai fara amsawa ita ce me zai faru idan intanet ya yanke a wurin biya, ko wanda ya biya ya je gida injin ya ƙi tashi. Doka ma ta fara matsa wannan ɓangaren: a Amurka, dokar INFORM Consumers Act ta fara aiki a watan Yunin 2023, tana tilasta wa kasuwannin intanet tantance mai sayarwa da ya kai ciniki 200 da dala 5,000 cikin wata 12.

Inda ake turo keke cike a fice, akwai taya mai kulle kanta idan keken bai bi ta wurin biya ba. Ɓarawo ya bar kayan ya tafi, ba wanda ya taɓa shi. Kyamara mai gane fuska kuwa a yi hattara. A watan Disambar 2023 hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta hana kamfanin kantunan magani na Rite Aid amfani da ita na shekara 5, bayan ta same shi da nuna mutanen da ba su ji ba su gani ba a matsayin ɓarayi.

Kafin sayen ko ɗaya, a tabbatar gungu ne ke kwashe kayan. Giɓin haja, wato bambancin abin da ke rubuce da abin da ke cikin kanti, yana zuwa daga ma'aikata, daga kuskuren rubutu, daga mai kawo kaya da ya kawo ƙasa da abin da ke takarda. Ƙungiyar 'yan kasuwar kantuna ta Amurka, NRF, ita kanta a watan Disambar 2023 ta janye iƙirarinta cewa kusan rabin giɓin daga gungun ɓarayi yake. A zaɓi kaya 20 zuwa 30 da suka fi ɓata, a ƙirga su kowane mako. Ɗaya-ɗaya suke raguwa, mai ɗan hali ne ko na gida. Kanta guda take wayar gari fayau, gungu ne. A gwada sabuwar na'ura a reshe ɗaya ko layi ɗaya, a bar makamancinsa yadda yake, a yi wata biyu ko uku ana rubuta asara da ciniki tare, domin na'urar da ta rage asara ta kuma rage ciniki fiye da haka ba ta yi komai ba.

Ranar karɓar turaku daga mai kafawa, kada a yarda da maɓallin gwajin da ya zo da shi a aljihu. A ɗauko hajar kanti ta gaske da sitikarta, a wuce da ita ta tsakiyar hanya a daidai idon sawu, ƙugu da kafaɗa, a kwance, a tsaye da kuma a karkace, sau goma kowanne, a rubuta sau nawa ta yi kuka. A maimaita da duk fitilu da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, da ƙofa tana buɗewa tana rufewa. A janye duk kaya masu sitika aƙalla mita 1 da rabi daga turakun, a tabbatar keken guragu yana wucewa kuma ba a ƙuntata hanyar gudun gobara ba, a kuma liƙa sanarwa ga masu na'urar bugun zuciya cewa su wuce kai tsaye, kada su tsaya ko su jingina da turke. Sakamakon gwajin a sa shi cikin yarjejeniya, ya zama shi ne ma'aunin da za a koma wa duk lokacin da aka kira su gyara.